Wa Zai Riƙa Duba Fuskar Talatu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Malikanchi, zuwa ga 'yar Goggo.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da yarinyar da aka haɗa ki da ita. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku, Ya haɗa ku da mutanen kirki. Na san za ki yi mamaki in kin buɗe akwatinki kin tarar da takarda a ƙarƙashin ƙullin daddawa da kuka. Ni na sa ta. Ki yi haƙuri da ajamina, hannuna ya saba da allo, takarda santsi take yi mini.

Kin san ba na iya zama da ke mu yi magana. Ke ce ta fari, tun da aka yaye ki Goggonki Kande, yayar mahaifinki, ta ɗauke ki. Haka muka tarar ana yi, haka na yi. In kin shigo gaishe ni, ina kallon murhu nake amsawa. To amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun ranar da kika zo sallama. Na juya shi, na sake juya shi, ban ga inda zan ajiye shi ba sai a nan.

Ranar ina bayan zana ina tsince wake, ku kuna tsakar gida ke da Goggonki da mahaifinki. Ba saurare na tsaya yi ba, Allah Ya sani, zana ce ba ta tare magana. Na ji Goggonki ta ce miki, "To ke wane karatu za ki koya musu a wannan sakandare ta gwamnati?"

Kika ce lissafi, da Hausa a ƙananan azuzuwa.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Kika ce a'a. Shugabar makarantar ta rubuto miki cewa Baturiyar da ke kwana kusa da ɗakunan 'yan mata ta koma ƙasarsu, matar da ke ba su magani kuma an ɗauke ta an kai ta babban asibiti, saboda haka ke za ki riƙe aikinsu tare da naki kafin a samo wasu.

Goggonki ta ce, "Kafin yaushe?"

Kika ce ba a faɗa ba.

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce to."

Sai ta yi dariya ta ce, "Jinin uwarki ke nan. Ita ma da za a ce ta ɗauki dutsen niƙa ta kai Makarfi, to za ta ce, sai ta wuce har Kudan kafin ta tuna ba ta tambayi gidan wa za a kai ba."

Mahaifinki ya ce a bar yarinya ta yi aikin gwamnati, ƙasa ta dawo hannunmu, in irinku ba ku riƙe ba wa zai riƙe. Gaskiya ya faɗa. Ita ma Goggonki gaskiya ta faɗa, ko da yake da dariya ta faɗe ta. Ni kuwa waken nan sai da na sake tsince shi daga farko, don na mai da tsakuwar cikin mai kyau ban sani ba.

Ni dai ban gane makarantunku ba, kada in ɓoye miki. An ce kowane karatu da malaminsa, in an buga ƙararrawa ya tashi ya fita ko da yarinya ba ta gane ba, wani ya shigo da nasa. Mu a wurinmu malami ɗaya ne yake riƙe yaro tun daga babbaƙu har sauka. Da na ji naku tsarin sai na ce a raina, ai kuwa waɗannan yara sun huta, ido da yawa ne a kansu. Sai ga shi kin ce malaman da suka rage ba su cika yatsun hannu biyu ba, 'yan mata kuma ƙaruwa suke yi, tun da aka sami mulkin kai ana ta cewa kowa ya kawo tasa. Ban san yadda ake ƙara gero a tukunya ana rage itace ba. Wataƙila akwai dabarar da ban sani ba.

Da mai duba makarantu na En'e, hukumar Sarki, ya zo gidan dagaci, na roƙi mahaifinki ya tambaye shi. Ya dawo ya ce mini mutumin ya ce gurbin matan nan biyu yana nan, har da albashinsa, mai takardar shaida ce babu. Wannan ma ya ɗaure mini kai. Wuri yana nan, abincin wurin yana nan, mutum ne babu, alhali a Malikanchi kaɗai akwai zawarawa da suka yi renon yara har suka aurar, suna zaune suna kaɗi. Ban ce ya yi kuskure ba, magani ba abin wasa ba ne. Amma zama kusa da yarinya mai zazzaɓi a jiƙa tsumma a ɗora mata a goshi, wace takarda ake yi wa wannan? Na tambayi mahaifinki, ya ce in bar abin da ban sani ba. Na bari, shi ne bai bar ni ba.

Abin da na sani shi ne abin da ya faru a gidan nan, lokacin kina ƙarama kina ɗakin Goggonki. Shi zan gaya miki, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Da aka ba mahaifinki limanci, karatun 'yan mata da ƙananan yara na cikin gida ya dawo hannuna. Da farko kaɗan ne. Kowace sai ta zo gaban buzuna ta durƙusa, in ɗora yatsanta a kan harafi, in biya mata, har numfashinta ina ji. Na san wadda ta karya kumallo da wadda ba ta karya ba. Sai magana ta bazu wai karatun gidan Malam yana da kyau. Aka fara kawo yara daga Saulawa, har daga Kurmin Kogi aka kawo wasu su zauna wurin dangi don su riƙa zuwa. Kowace uwa in ta zo sai ta ce, "Malama, ga amana." Yaya zan ce wa mai neman karatun Allah babu wuri? Sai in ce to. Na yi ta cewa to har tsakar gida ta cika, tun daga gindin tsamiya har bakin rumbu. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya, ina jin daɗin muryoyin nan. In mata suka shigo suka ce gidan Malam ya yi albarka, sai in sunkuyar da kai, amma zuciyata fari take yi.

A hankali na daina kiran kowace gabana, don rana ba ta isa. Sai in zauna a tsakiya in kasa kunne. Inda na ji an karkace in gyara daga nesa, inda na ji daidai in ce wannan lafiya take. Da kunne na koma riƙon makaranta, ido na ajiye shi.

Shawarata a nan ita ce, kafin ki ce to, ki tambayi nauyin kayan da inda za a sauke shi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Sai dai ko a nan kaina yana ɗaurewa. Da na mai da yaran nan, da yawancinsu ba su sami karatu ko'ina ba, ga shi yau wasunsu suna koya wa nasu 'ya'yan. To kuskure ne karɓarsu, ko ba kuskure ba ne? Wani lokaci in ce ba karɓar ce laifi ba, abin da na yi bayan karɓar ne. Bari in faɗe shi.

Wata safiya Goggonki ta shigo da mazarinta, ta tsaya ta dubi tsakar gida, ta ce, "Wannan makaranta ce ko kasuwar Ikara? Ware mini ƙananan nan in riƙa zama da su."

Kin san karatun Goggonki. Tana haɗiye wasu haruffa, tana ja inda ba a ja. Na ji tsoron kada yara su ɗauka a bakinta alhaki ya hau kaina. Na ce a hankali, "Yaya, bari dai, kada a ɗora miki wahala."

Ta gane. Ba a yi wa Goggonki rufa-rufa. Ta ce, "Ni ba karatu na ce zan koya musu ba, majina zan share. Amma shi ke nan, Malama, riƙe haruffanki." Ta ɗauki mazarinta ta fita, ba ta sake tayar da maganar ba.

A lokacin ina ganin tsoron Allah ne ya sa na hana ta. Yanzu ban tabbata ba, wataƙila da girman kai a ciki, sun cakuɗe har ban iya raba su. Abin da ban gane ba a ranar shi ne koyarwa aiki ne, lura da yara wani aikin ne dabam. Ni na ɗauka abu ɗaya ne, wanda bai iya na farko ba bai cancanci na biyu ba. Don haka ina roƙonki, duk wanda ya miƙo hannu a can, mai dafa abinci ce, mai wanki ce, mai shara ce, kada ki auna ta da ma'aunin takarda. Ki gaishe ta da kyau, ki san sunan 'ya'yanta, ki roƙe ta ta riƙa gaya miki wadda ta bar tuwonta da wadda ke zama ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san karin maganar nan tun ina yarinya, sanin bai hana ni gwada ɗauka ba.

Da na ƙi babba, sai na koma ga yara. Na ɗauki manyan 'yan mata na raba musu ƙanana, su biya musu, su zo su gaya mini wadda ta iya don a wanke allonta a rubuta mata na gaba. Babbarsu Delu ce, har bulala na ba ta. Delu ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Yarinya ce da ko zanen kirki ba ta fara ɗaurawa daidai ba, na ɗora mata aikin uwa. In ta zo ta ce, "Malama, wance ta iya," sai in ce a wanke. Ita da kunne take aunawa, don haka ta ga ina yi. Na ji an ce ku ma kuna naɗa manyan 'yan mata su kula da ƙanana. Ba laifi, amma su zama masu kawo miki labari, kada su zama madadin idonki. Yaro ba ya renon yaro, sai dai ya taya shi wasa ko ya taya shi kuka.

A cikin yaran da ke hannun Delu akwai Asabe. Kin san ta yanzu, makauniyar nan ta bakin fadama, uwar Talatu da kuka tafi tare. Ba a haife ta da makanta ba. Lokacin da aka kawo mini ita idonta garau, ga murya mai daɗi, ga shiru. Can ƙarshe take zama, jikin rumbu. Ba ta faɗa, ba ta kuka, ba ta kawo ƙara. Irin yarinyar da malami yake gode wa Allah a kanta, don ba ta cin lokacinsa.

Wata shekara baƙon dauro ya shigo gari, ya kwantar da yara da yawa, har da ita. Da ta tashi ta dawo karatu, na hango idonta yana ruwa, na ce a gaya wa uwarta ta sa mata kwalli. Iyakar abin da na yi ke nan. Muryarta tana nan daidai, Delu tana zuwa tana cewa ta iya, ina cewa a wanke. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo.

Ranar da na gane, ruwan sama ne ya kore mu daga tsakar gida, muka cusu a ɗakina da rumfa. A cikin turereniya Asabe ta faɗo kusa da gwiwata. Na ce tun da ga ta, bari yau in rubuta mata da hannuna. Na rubuta, na busar a bakin wuta, na miƙa mata. Ta karɓi allon a juye, kansa a ƙasa. Ta ɗora yatsa ta fara karantawa tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba, don ta sha ji a bakin waɗanda suka riga ta.

Na ce, "Asabe, juya allon."

Ta juya shi ta baya, inda babu rubutu ko ɗigo, ta ɗora yatsa ta ci gaba.

Na karɓi allon na ajiye. Na kama haɓarta na ɗaga fuskarta wajen haske. Wani fari-fari ya rufe baƙin idon, kamar an ɗiga koko. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun baƙon dauro, Malama. Da hazo-hazo nake gani, yanzu sai inuwar mutum."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ba a tambaye ni ba. Kuma na ga kina da mutane da yawa."

A gidansu ma ba su gane ba, don ta san hanyar randa da ta murhu da ƙafa, in ta yi tuntuɓe a ce sakarci ne. Mahaifinki da ubanta suka kai ta asibiti a Zariya. Aka ce musu da an kawo ta da wuri, wataƙila. Wannan wataƙilar nake ɗauke da ita har yau. Mahaifinki ya ce ƙaddara ce, na kuma yi imani da ƙaddara, Allah Ya sani. Ban ce da na bar Goggonki ta zauna da su da ta gano ba, ban sani ba. Abin da na sani kawai, yarinya ta makance a tsakar gidana tana karatu da murya mai daɗi, ni ina zaune ina jin daɗin muryar.

Asabe ba ta taɓa riƙe ni da wannan ba, shi ya fi yi mini ciwo. Ta yi aure, mijinta yana noman rake, ta haifi Talatu da ƙannenta maza. Talatu ce take ja mata sanda, ita take tsince mata hatsi, ita take gaya mata in miya ta yi ko zanenta ya juya. Duk da haka Asabe ta bar ta ta yi firamare a Ikara. Da yarinyar ta ci jarrabawa, mutane suka ce mata hauka take yi in ta bar ta ta yi nisa. Sai ga ta a ɗakina, Talatu na riƙe da kan sandar. Bayan mun gaisa ta sallami yarinyar waje, ta ce, "Malama, an ce 'yarki za ta koyar a makarantar da aka ba Talatu."

Na ce, "Haka na ji."

Ta yi dariya. "Haka kika ji. Kamar 'yar maƙwabta." Sannan ta ce, "To in tana can, na yarda ta tafi. Ita ce idona, amma ido in ya zauna a gida ba abin da zai gani sai murhu."

Na ce, "Ke kuma wa zai riƙa ja miki gora?"

"Sanda ai ba ta ci jarrabawa ba, tana nan." Ta gyara zama ta rage murya. "Abu ɗaya ne, Malama. Halina ta ɗauko. Ko wuta ta kama zanenta ba za ta ce komai ba sai an tambaye ta. Ki gaya wa 'yarki."

Na ce to.

Kin gani, ban warke ba. Na karɓi amana da sunanki ban tambaye ki ba, ban kuma san a lokacin cewa aikin mutum uku ke jiranki ba. Wannan kuskuren sabo ne, ko wata bai yi ba. Ki yafe mini. Amma an riga an karɓa, yarinyar tana hannunki, uwarta tana nan tana laluben bango.

Na rasa abin da zan ce ki yi. In na ce ki ƙi ɗakunan kwana, wa zai kwana kusa da 'ya'yan mutane? In na ce ki karɓi duka, kin zama ni ke nan, zaune a tsakiya kina sauraron muryoyi, ga alli a hannu, ga mabuɗin magani a ƙugu, ga barci a ido. Na yi salla na roƙi zaɓin Allah, ban ga wani abu a fili ba. Ga dai inda tunanina ya tsaya, in da kuskure ki gyara, kin fi ni sanin wurin.

Ki je wurin shugabar tun kafin ki saba da aikin, don abin da aka saba gani a kanki ba a sake ganin nauyinsa. Ki gaishe ta da ladabi. Ki ce mata koyarwa kin karanta, za ki yi. Ɗakunan 'yan mata za ki riƙe, amma sai da babbar mace tare da ke, ko ba ta da takarda. Akwatin magani kuwa ba ki san shi ba, ba za ki karɓi mabuɗinsa ba, wadda ta kwanta a kai ta wurin masu sani. In ta ce babu mutum, ki ce kin ji, ki koma wani mako ki sake faɗa. Wannan ba rashin kunya ba ne. Wataƙila ita ma kayan da ke kanta ya fi naki, tana neman abin da za ta nuna wa na sama da ita. Tun da mutanenku takarda suke jin maganarta, ki faɗa da baki ki kuma rubuta. Shirunki ba zai kawo kowa ba. Wanda ya ga kaya yana tafiya ba ya tambayar wuyan da ke ƙarƙashinsa.

In kuma ta ce ina za a sami macen, to akwai. Bayan kin tafi yin sallama da kawunnanki, na shiga ɗakin Goggonki na zauna a bakin ƙofa. Ina ta murza bakin zanena, har ta ce, "Rasuwa aka aiko ki faɗa mini?" Na ce a'a, roƙo na zo yi, in an nemi wadda za ta zauna da 'yan matan can, ko za ta je.

Ta ajiye mazari ta dube ni. "Sai yanzu haruffana suka gyaru?"

Na ce, "Yaya, ba karatu za ki koya musu ba."

Ta ce, "Au, ashe kin ji ni a ranar." Ta yi ta dariya har da tari. Daga baya ta ce za ta je, in dai ba za a sa ta takalmi mai igiya ba, ba kuma za a hana ta goronta ba. Ko babu albashi, ta ce, a ce goggonki ce ta zo taya ki zama. Ban san ko dokarku ta yarda da haka ba. Ki tambaya. In an ƙi, ki tambayi dalili, ki rubuto mini shi yadda zan gane, don ni har yanzu ban ga abin da ya hana ba.

Kafin nan, ga abin da ba ya bukatar izinin kowa. Kullum ki kira 'yan matan da sunansu ɗaya ɗaya, kada ki wadatu da jin amsa, ki ɗaga kai ki dubi fuska. In sun yi miki yawa ki raba, yau wannan ɗaki, gobe wancan, har ki zagayo. Ki fara da masu shiru. Mai kuka ta riga ta kai ƙararta, wadda ba ta ba ki wahala ita ce abin tsoro. Ki tambaya da bakinki, kina gani, kina ji, kina ci, me ke miki ciwo. In ta ce ba komai, ki sake tambaya wata rana. Kada kuma ki fifita Talatu har a tsane ta, sauran ma kowace idon wata ce a wani gari. Ki dai sa ta cikin waɗanda za ki fara dubawa, ki kuma sa ta riƙa aiko wa uwarta da saƙo, zan karanta mata in da ajami ne.

Ni ma na ɗauki nawa rabon. Na nemi izinin mahaifinki, zan riƙa zuwa gidan Asabe da hantsi in tsince mata hatsi in duba mata miya. Na kai shekarun da ba mai tambayar inda za ni. Da na gaya mata ta ce, "Malama a gidana tana tsince mini wake? To duniya ta zo ƙarshe." Na ce ta dai riƙa taunawa a hankali, kwanan nan tsakuwa tana wuce ni. Yaran da suka rage a hannuna kaɗan ne yanzu, kowa yana zuwa gaban buzu.

Saura abu ɗaya, shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Tun da na fara takardar nan nake ce miki ki kira 'ya'yan mutane da sunansu ki dubi fuskarsu. Ni kuwa ban taɓa kiran naki ba, fuskarki ma ta gefe na san ta. An ce mana kunya ce, tarbiyya ce, haka uwata ta yi wa yayana, ban kuma ce sun yi kuskure ba. Amma ranar nan da na ji kin ce "Na ce to," muryarki daidai take, ba rawa ba gargada, sai na tuna na taɓa jin murya daidai irin wannan daga jikin rumbu. Ban sani ba ko tsoro kike ji. Ban sani ba ko kina barci. A can kowa zai kawo miki nasa, ban san wanda zai dubi taki fuskar ba.

Bakina ba zai iya ba, na gwada a ɗaki ni kaɗai ya ƙi. Alƙalami ya ɗan fi shi ƙarfin hali.

Rakiya, lafiyarki ƙalau? Kayan nan ya yi miki nauyi? In ya yi, ki faɗa. Ki rubuto mini da ajami, ni da kaina, ba ta hannun Goggonki ba. Kada wata rana ki ce ba a tambaye ki ba.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare Talatu da sauran 'ya'yan mutane da ke hannunki. Allah Ya kawo muku mataimaka, Ya ba shugabarku sauƙin kai, Ya sa ki gama da amanar nan lafiya, Ya dawo mana da ku da idonku da mutuncinku. Mahaifinki yana sa miki albarka. Asabe tana gaishe ki, ta ce a gaya wa Talatu ta ci abinci.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.